Zuwairar Haya

Lambar girma ta iso Birnin Ƙonni cikin gwangwanin madara, an naɗe ta da auduga. Matsalar ɗaya ce: a garin ba wanda ya san fuskar wadda za a rataya wa.

Sunanta dai kowa ya sani. Madam Zuwaira ce, mai binciken zamba ta buron awo, ofishin da ke duba mudu da sikeli. Ita ta tona asirin mudu mai lotsattsen gindi a kasuwar Illela, ita ta kama masu ɗura wa shanu ruwan kanwa su kumbura ranar kasuwa. Amma aikinta na ɓoye ne, ko Kwamandan gari bai taɓa ganinta ba.

Kwamanda ya kira magatakardansa Alƙasum. "Ran Asabar babban baƙo shina zakuwa daga Yamai shi rataya mata lamba. Ka kawo ta, ko in tura ka Bilma."

Alƙasum na da iyali da lambun albasa da ya fara kai, kuma Bilma can tsakiyar hamada take, ba a komowa da wuri. Ya ari motar buro ya bazama. A Malbaza aka ce masa doguwa ce kamar giginya. A Illela aka ce gajeruwa ce mai gemu. Wani dillalin jakai ya rantse aljana ce, ya tofa yawu, ya bar wurin.

Ran Juma'a da la'asar ya tsaya a Tsarnawa, hankalinsa a tashe. Nan dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ruwa ya ci. Tunda ba wanda ya san matar, ai kowace mace ma ita ce.

Kusa da masu awon hatsi ya ga wata dattijuwa da tiren ƙuli-ƙuli a gabanta. Ba ta talla, ba ta ma kula masu saye, kallon hannun masu awo kawai take. Ya durƙusa ya yi mata bayani, ya yi alkawarin turmin atamfa. Bai ko tambayi sunanta ba.

"To kai ma'aikacin gwamnati na, ɗana?" ta tambaya.

"Ƙwarai, Inna."

"Kuma ƙarya kaka so in yi gaban manya?"

"Ta yini guda ce, Inna."

Ta ɗauki tirenta ta shiga mota.

Bai taɓa samun ɗaliba mai taurin kai irinta ba. Ya koya mata tafiyar manya, ta yi tafiyar agwagwa. Ya ɗora mata tabarau, ta ce tana ganin mutum biyu. Ya biya mata labarin yadda Madam Zuwaira ta kama ɓarawon da ya rina jaki da lalle ya sake sayar wa mai shi, ta ce ba lalle ba ne, jar ƙasa ce.

"Inna, mi kinka sani? Faɗi abin da ni ce miki!" Ya dafe kai. "Wallahi ko makaho ya san ba ke ce ba."

Ran Asabar aka cika filin buro. 'Yan makarantar lakwal suka yi waƙa, jandarma suka jera, dillalan kasuwa suka laɓe bayan juna suna leƙen wadda ta hana su sakat. Alƙasum ya tsaya bayanta, gumi har cikin takalmi, yana raɗa mata ta miƙe wuya. Tsoro ya kama shi sosai, don sai yanzu ya ji ana cewa baƙon shi ne shugaban buron awo na ƙasa, wanda da wuya bai san fuskar ma'aikaciyarsa ba.

Baƙon ya sauko daga mota, ya ɗauki lambar, ya tako. Da ya zo gabanta sai ya tsaya cak. Ya cire mata tabarau ya dube ta da kyau. Alƙasum ya fara salati a zuci.

Sai baƙon ya cire hularsa ya rusuna. "Madam Zuwaira! Na yi ta roƙonki ki fito a gode miki, kin ƙi. Wa ya iya shawo kanki?"

Ta nuna Alƙasum da haɓa. "Wanga na, ranka shi daɗe. Tun da nika aikin ga, ban taɓa samun ɗan zamba da ya ɗauko ni da mota ya kawo kansa gaban jandarma ba, sai shi."