Nonon Rugarsu

Ƙwaryar farko a goshi ta same shi, tun bai sauka daga babur ba a kasuwar Gaya. Matan rugarsu suka yi masa ca da duwatsu. Bincikensa ne ya ce akwai cuta a nonon shanunsu. Malaman jami'o'i suka yi ta kafa hujja da shi, rediyo ya yayata, masu saye suka watse.

"Ku bar min shi!" in ji wata tsohuwa.

Dadarsa ce, uwar da ta haife shi. Ya miƙa mata hannu, jini na zuba. Ta juye masa nonon da ya ƙi sayuwa a ka.

"Da shi na raine ka. Sai ka auna."

Wayarsa da ta faɗi ƙasa ta haska a cikin nonon da saƙo: wani farfesa ya sake ambaton aikinsa.