Sawun Ɓauna

Tun da hantsi Jibir ya kora shanunsa cikin rafin, ya fito da su, ya sake mayar da su, har sai da suka tattake taɓon bakin ruwan kaf. Ko sawun ɓauna ɗaya bai bari ba.

Dalili kuwa, gobe wani Bature zai hau tsaunin da Jibir ke kiwo don kallon namun daji, kuma Jibir aka zaɓa ya yi masa jagora. Kowa a kasuwar Kafanchan ya san ƙarshen irin wannan kallo. Da zarar Bature ya ga nama, sai a kafa alluna, a ce daji ya zama gandun gwamnati, makiyayi kuma ya san inda dare ya yi masa. Haka aka yi wa dangin matarsa bara waccan, har yau ba su sami wurin zama ba.

To shi Jibir ina za shi? Ƙasan tsaunin gonakin citta ne da na dawa, abin da ya saura kurmi ne mai ƙudan tsando. Shekarar da ya gwada sauka, sammore ta cinye masa rabin garke. Ga uwarsa Goggo, ko ƙofar bukka ba ta kaiwa sai an riƙe ta. In aka raba shi da tsaunin nan, tasa ta ƙare.

Washegari baƙon ya iso, dogo, busasshe, daga Kaduna jirgin ƙasa ya kawo shi. Ba bindiga a hannunsa, sai akwatin ɗaukar hoto rataye a wuya. Tafintansa Wilfred ne, malamin daji na En'e, wanda ya yi makarantar mishan, Hausarsa ba ta gama nuna ba. Baturen ya tsaya a gaban garke, ya shafa wuyan wata saniya, ya gaida Jibir da wani karyayyen Fulatanci. Jibir ya amsa cikin ladabi, a ransa kuwa ya ce ai mahauci ma haka yake shafawa.

"Baba," in ji Wilfred, "Bature ya ce ɓauna yake so ya gani. Ya ce ka kai shi wurin da shanunka yana shan ruwa."

Jibir ya ce a ransa, ashe har mashaya aka tsegunta musu!

Suka kama hanya. Wanda ya tashi a daji ya san ba a tunkarar nama da iska a bayanka, don warinka zai riga ka isa. Jibir ya sa iskar a bayansu sarai. Tari kuwa ya taso masa wanda bai kwana da shi ba, sandarsa ma ba dutsen da ta wuce ba ta ƙwanƙwasa ba. Ko biri bai tsaya musu ba.

A bakin rafin Baturen ya durƙusa cikin taɓo, bai damu da wandonsa ba. Ya bi gaɓar da ido, ya bi ta da yatsa, ya tsallaka ya duba ɗaya gefen. Sawun shanu ne ko ta ina, sai kashinsu. Ya yi magana a hankali.

"Ya ce ko ɗaya babu?" in ji Wilfred.

"Da can akwai, zamanin iyayenmu," Jibir ya amsa, idonsa a ƙasa. "Yanzu sai shanu."

Baturen ya daɗe yana kallonsa. Bai buɗe akwatin hoton ba.

Wajen la'asar, suna kan dawowa, iska ta juya. Jibir ne a gaba, ya zagayo wani dutse, sai ya tsaya cak. Can ƙasa cikin kwari ga ɓauna nan, manya da 'ya'yansu, suna kiwo hankali kwance. A tsakiyarsu kuma karsanansa ne da suka ɓalle, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda suka saba. Baturen na baya kaɗan, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi.

Jibir ya ɗaga kai ya ƙwala kiran shanu da duk ƙarfinsa, har tsaunin ya amsa. Ciyawa ta girgiza, ɓauna suka watse. Kafin Baturen ya ƙaraso, karsanai ne kawai ke hawowa da gudu.

A gindin tsauni baƙon ya riƙe hannun Jibir ya ƙi saki da wuri, kuma ya kasa kallon idonsa. Jibir ya koma ruga da sassarfa, ya ce wa Goggo ta kwantar da hankalinta, Allah ya raba su da wannan masifa. Tsohuwa ta yi kukan murna.

Kafin ruwan farko ya sauka, sai ga 'yan doka da leburori ɗauke da alluna, Wilfred na biye da su kansa a sunkuye. Aka ce kowace ruga ta tashi.

Jibir ya cafki hannun rigar Wilfred. "Malam, ai bai ga komai ba! Ni na kai shi, kai ma kana wurin!"

"Shi ne abin, Baba," in ji Wilfred. "Ni ma sai a tashar jirgi ya faɗa mini. Tun bara Kaduna suka yanke cewa shanunku ya kori nama, a tashe ku. Duk ofishin shi kaɗai ya ƙi sa hannu, ya roƙa a ba shi rana ɗaya. Hoto ɗaya kawai ya zo nema ya kai musu shaida: ɓauna da saniya suna kiwo wuri ɗaya."