An Rufe Shafin Marigayi

"Madam, an buɗe miki," in ji jami'in ofishin kwamfuta, bai ko ɗago kai ba. "Daga yau da sunanki za ki riƙa duba sakamakon ɗalibai."

Ta dai samu kujera ta zauna. Tun da jami'a ta ce kowane malami ya nemi nasa izinin shiga shafin sakamako take zarya. Shugaban sashe ya tura ta wurin shugaban tsangaya, shi ya tura ta wurin magatakarda, magatakarda kuwa kullum yana taro. Sai ta taso tun daga unguwar Kamazou, ta sha cunkoson gada, ta tarar da ɗalibai a ƙofar ofis suna son jin ko sun ci.

Duk tsawon lokacin nan, kamar kowa a sashen, da lambar sirrin tsohon jami'in jarrabawa take shiga. Bara ya rasu, ba wanda ya tuna a rufe shafinsa, aiki kuma bai tsaya ba.

"Na marigayin mun goge shi ɗazu," in ji jami'in kwamfutar. "An hana aro. Gwada naki mu gani."

Ta danna haruffan. Shafin ya buɗe, ga cikakken sunanta.

"Madam, ba ki yi murna ba?"

"Na yi," ta ce. "Na gode."

Idonta na kan kusurwar allon, inda ɗan hoton marigayin, mijinta, yake tarbar ta kowace safiya, hularsa a karkace. Yanzu farin gurbi ne, babu kowa a ciki.