Akwatin da Baba ya jefa wa ƙuri'a

Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wadda na faɗa wata la'asar a Bungudu, ina ɗan shekara tara. Har yau in na tuna, zama ya kan gagare ni.

Kawuna, yayan Inna, ɗan majalisa ne a Legas, kuma ya sake tsayawa. Bayan jefa ƙuri'a ya tarar da Baba a zaure yana ɓarar gyaɗa. Ya miƙo mini alewa yana dariya, ya ce, "Ɗana, wane akwati babanka ya jefa wa?"

Na ji Baba ya gaya wa Inna a ɗaka, sai na ce, "Ba naka ba, Kawu. Wai kai ka ɗaga hannu aka yarda hanya ta ratsa gonakin mutane."

Baba ya ce, "Hakan ne, Alhaji." Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa.

Kawu ya ci zaɓen, amma bai ƙara taka zaurenmu ba. Inna ta rasu ba ta ga sun gaisa ba. Don Allah, abin da kuka ji a ɗaka, ku bar shi a ɗaka, ko an ba ku alewa.