Kukan Boris ɗin Gaba

Kafin ka yanke hukunci a kan mutumin nan da ka ce ya canza maka, tsaya in ba ka wani misali. In ka ji, sai ka yi abin da ka ga dama.

Wani ɗan kasuwa ne mai sayen hatsi a ƙauyukan tsallaken gulbi. Yana da a-kori-kura irin wadda injinta ke juya tayoyin gaba da na baya duka, yana ji da ita kamar ƙwai. Wanki kullum, baƙin man inji shi da kansa yake kai ta a canza, har ɗan labule ya sa mata a gilashi. Duk abin da ido ke gani dai ya samu gata. Direbansa kuwa wani magidanci ne shiru-shiru, irin wanda ko ka taka shi, shi zai ce maka sannu. Shekara da shekaru suna tare. Da damina, idan ruwa ya shanye hanya, shi ke ratsa gulbi da kaya niƙi-niƙi, ya dawo a sake loda masa, bai taɓa cewa uffan ba. Sai ga shi wata shekara abu biyu sun taso wa mai mota lokaci guda. Motar ta soma wani gurnani daga gaba, da an taka ta sai ƙarar ta ƙaru. Direban kuma ya fara mayar da magana, a ce a yi sawu na uku, ya ce shi kam ba zai iya ba. Ran mai mota ya ɓaci ƙwarai. Ya haɗa biyun wuri ɗaya ya ce ai ga ta nan, mutumin nan ya gaji da arziki ne, shi ya sa yake wulaƙanta masa mota da gangan. Ya ƙudura a ransa da an gama gyara zai karɓi makullinsa, har ya riga ya yi wa wani direban magana.

Suka kai motar gareji. Bakanike ya ɗaga gaban da jak, ya juya taya da hannu yana kasa kunne, ya ce boris ɗin aksil ɗin gaba ne ya ci, wato zoben ƙarfen da sandar taya ke juyawa a cikinsa. Ya tara kwano ya kwance toshiyar ƙasa don ya tsiyaye man da ke ciki. Abin da ya ɗigo bai cika kofin shayi ba, kuma ba ka ce masa mai ba, wani abu ne ruwan toka kamar kunun kanwa, garin ƙarfe yana ƙyalli a cikinsa. Ya zare sandar aksil, ya fito da boris, ya wanke shi da kananzir ya miƙa wa mai mota. Duk ya zaizaye, ya ƙone har ya yi shuɗi. Mai mota ya tambaya, yana satar kallon direba, ko tuƙin ganganci ne ya jawo haka. Bakanike ya girgiza kai, ya ce ganganci fasa ƙarfe yake yi nan take, wannan kuwa ci ne na sannu a hankali. Robar da ke tare mai ce ta tsage tun tuni, mai yana zurarewa, ruwan gulbi yana shiga. Ya ce, "Alhaji, abin nan ya daɗe yana ɗaukar maka kaya a bushe. Bai yi kuka ba sai da ya rasa yadda zai yi. Yaushe rabon da a leƙa man nan?" Mai mota kuwa bai ma san akwai mai a wurin ba.

Bakanike ya shiga sa sabon boris, yana bugun sa a hankali ta kowane gefe har ya zauna daidai, ya sa sabuwar roba, ya ɗura mai. Mai mota yana kan benci da tsohon ƙarfen a hannu, sai idonsa ya faɗa kan direba. Ya daɗe bai dube shi da kyau ba. Mutumin ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa, ya jingina da bango yana gyangyaɗi yana farkawa a firgice. Kunya ta kama Alhaji. Ya tashi ya zauna kusa da shi ya tambaye shi gida. Sai direba ya fayyace masa. Ashe matarsa ce kwance tun faɗuwar ruwa, ba ta iya ko juyawa. Shi ke ɗaga ta, shi ke ɗora wa yara tukunya kafin ya fito, kuma duk ranar da aka yi sawu na uku haka take wuni ta kai dare a gefe ɗaya. Alhaji ya ce don me bai faɗa ba. Direba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban ga an tambaya ba ne, Alhaji."

Da aka sauke motar, bakanike ya miƙa wa mai ita makulli. Ya juya shi a hannu, sannan ya danƙa wa direbansa, ya ce hatsi ya jira, su fara zuwa su ɗauko matar a kai ta asibiti. Motar ta tashi lafiya lau, babu gurnani.

Ni ban cika ganin laifin Alhajin nan ba, tausayinsa nake ji, don kusan dukkanmu haka muke. Mai surutu muke lallashi, mai haƙuri kuma mu ƙara masa kaya, ranar da ya yi ƙara mu ce ya lalace. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.