Katin Sharifa Garzali

Ranar Alhamis da hantsi aka kawo wa Malama Marta takardar kwamitin unguwa. Ranar Litinin za su zo ɗakin karatun yara da take kula da shi a bayan tashar Wudil. Suna son a tsayar musu da yaro ko da ɗaya ne, wanda ya shigo bai san baƙi ba, yanzu yana karanta shafi guda. In babu, za a kwashe littattafan a mayar da ɗakin shagon cajin waya.

Shekara guda ke nan tana wannan aiki, tun da ta biyo mijinta daga Gombe da ya samu aiki a jami'a. Kowace Asabar takan ɗora akwatin littattafai a bayan ɗan acaɓa, ta je ƙauyen Darki, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Wannan makon yara su cika, mako mai zuwa an kwashe su gona. Yawancinsu a haruffa suka tsaya.

Ban da Sharifa Garzali. Katin aron littafinta ya cika har an sake mata wani. A wata na uku ta haɗa kalma, a na bakwai ta rubuta jimla. Marta ta riga ta sa sunanta a rahoton da ta aika wa kwamiti, ta yabe ta sosai.

Matsalar ɗaya ce: ba ta taɓa ganin yarinyar ba.

Mahaifinta ke zuwa, Malam Garzali, mutumin Dagumawa mai sayar da kifi a bakin gada. Duk Juma'a sai ya jira a waje har yara su watse, sannan ya shigo da littafi a naɗe cikin leda, ya karɓi wani. Ranar da ya yi rajista, da ta tambayi shekarun yarinyar, ya daɗe kafin ya ce shida. Da ta nemi ya kawo ta, ya ce ba ta fita. Marta ta ɗauka wata larura ce, ba ta matsa ba.

Yarinya ce ta daban. Tana danna fensir har ya ɓula takarda. Ba ta zane a gefen shafi kamar sauran yara. Tambayoyin da uban yake kawowa ma na lissafi ne: yadda ake rubuta rabi, da bambancin sau biyu da guda biyu. Ranar da Marta ta ba shi jan ribbon na ɗaure kitso ya kai wa yarinyar kyautar ƙoƙari, ya riƙe shi ya yi ta godiya. Bayan ya tafi ta tsince shi a kan benci.

Wannan Juma'ar ta yi masa bayanin takardar kwamiti. Minti goma kawai take buƙata, in ji ta, ko a mota ne za a ɗauko yarinyar.

"Ba zai yiwu ba, Malama," ya ce, kansa a ƙasa. Ya fita ba tare da ya ɗauki littafi ba.

Ranar Asabar shugaban kwamiti, Alhaji Yahuza, ya kira ta a waya. Ya ce surutu ya fara yawo cewa babu wata Sharifa, Malama ce take rubutun da hannun hagu don ta riƙe aikinta. Shi bai yarda ba, amma Litinin ce za ta raba gardama.

Lahadi tana fitowa daga coci ta tari ɗan acaɓa zuwa Dagumawa. Aka nuna mata gidan. Ta yi sallama ta shiga.

Matar gidan, Barakatu, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa, da tsohon ciki. Ta miƙe da ƙyar ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da maigida da damina. Malam yana bakin gada, in ji ta. Tsakar gidan a share yake tsaf, shiru, sai kukan kaji.

Marta ta buɗe littafin rubutun Sharifa da ta taho da shi, ta ajiye a tsakaninsu. Ta faɗi komai: kwamiti, da zargin da ake mata, da yaran Darki da ba za su ƙara ganin akwatin nan ba in an rufe ɗakin. Ta ce ba sai yarinyar ta fita ba. A bar ta ta ji muryarta kawai, ta ɗauka a waya.

Barakatu ta goge hannu a zaninta, ta shafa shafin da yatsa. Hawaye suka zubo mata.

"Don Allah, Maman Sharifa," in ji Marta, "a kira mini ita."

"Malama, Sharifa ta rasu shekara biyu ke nan. Zazzaɓi ta yi, babanta ya sayo magani, shi ya ba ta da hannunsa, ba mu san abin da ya ba ta ya wuce ƙa'ida ba." Ta dafa cikinta. "Malam ne yake miki rubutun nan. Ya rantse kafin in haifi wannan sai ya iya karanta abin da ke jikin kwalbar magani."