Basillar Gyartai

Mahaifina ba ya nan, yau wata bakwai ke nan. Buzunsa na rataye a zaure, kujerar da muka saya masa tana inda take, ba mai zama a kai. Tun daga lokacin ba na son doguwar magana, Sallau. Amma ka zo neman shawara, ka ce za ka hana Innarka yin daddawa, don mutane na cewa ɗanta na da hali ya bar ta cikin hayaƙi. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, ba ni da ayar da zan jawo maka. Misali ɗaya gare ni, ka saurara.

An yi wani tsoho gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, a wani gari da kasuwarsa ke ci ranar Laraba. Shekara hamsin yana zama a gindin durumi ɗaya, da basillarsa da zarensa. Matan Fulani in sun sayar da nono sai su biyo ta wurinsa da fasassun ƙorai. Su ce, "Tsoho, har yanzu mutuwa ba ta gan ka ba?" Ya ce, "Ta zo, na ce ta bi layi, akwai ƙwarya uku a gabanta." Sauran ranakun mako yana gida yana ƙarasa abin da aka bar masa, don Laraba na tafe kuma masu kaya za su tambaya. Ya haura tamanin yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, yana cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Sai Allah ya buɗa wa 'ya'yansa. Suka fara jin kunya a ga ubansu zaune a ƙasa yana ɗinkin ƙwarya, ga roba ta cika kasuwa. Suka saya masa kujera mai laushi da rediyo. Babban ɗan ya ɗauke basillar ya kulle a akwati, ya je har gindin durumi ya gaya wa matan kada su ƙara kawowa. Ya dawo ya ce, "Baba, wahala ta ƙare, ka huta ka yi ƙiba." Tsoho bai yi musu ba. Ya ce, "To, Allah ya yi muku albarka."

Watan farko kullum da safe sai ya tambaya, yau wace rana? In an ce Laraba sai ya dubi ƙofa. Daga baya ya daina tambaya, don ranakun duk sun zama ɗaya. Ana kai masa nama da madara, kwano na dawowa yadda ya tafi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Aka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Ana cikin haka matan gidan na ta cigiyar ƙorai, yau wannan ta ɓata, jibi waccan, har aka fara zargin maƙwabta da aro ba mayarwa.

Damina ba ta zagayo ba ya rasu. Da aka zo share ɗakinsa aka ɗaga gado, sai ga ƙoran nan guda shida. Shi ya tsaga su da hannunsa, ya ɗinke su da ƙusar da ya wasa a dakali, da zaren da ya zare daga buhu. Biyar sun ɗinku tsaf, ko ɗigo ba sa yi. Ta shida ɗinkin ya tsaya a rabi, ƙusar na soke a jikinta.

Babban ɗan nan ni ne, Sallau, ka ma sani, da kai aka ɗauki makara. Kwanan baya, a rediyon nan nasa, na ji ana cewa can ƙasar Japan akwai tsofaffin da ke kai ɗari da ƙarfinsu, in an tambaye su sai su ce kowannensu na da abin da ke tayar da shi da safe. Na miƙa hannu na kashe rediyon. Abin da ke tayar da nawa uban yana kulle a akwatina har yau.

Kwana na Allah ne, ban ce na rage masa ko ɗaya ba. Amma na san irin kwanakin da na ba shi a ƙarshe. In hayaƙin ke damun ka, gyara wa Inna murhu, ka sayo mata busasshen itace, ka bar ta da kalwarta. Hausawa suka ce garin neman ƙiba an samo rama, mu a gidanmu mun gani.

Ɗaga hannu ka taya ni, da kai da duk wanda wannan magana ta iske. Allah ya jiƙan gyartai, ya ɗinke masa abin da muka tsaga, ni kuma ya yafe mini. Amin.